Yadda za ka ziyarci lambun Aburi ka dawo da hotunan kirki

Lambun Aburi, da ke saman dutse kusa da Accra a ƙasar Ghana, na itatuwa ne, ba na furanni ba. Gara ka san wannan tun kana gida. Wanda ya hau dutsen yana sa ran ganin jeren fure ja da ruwan ɗorawa irin na jikin kalanda, da gunaguni zai sauko. Abin da ke can shi ne manyan itatuwa, inuwa mai kauri, ciyawa shimfiɗe, da wata iska mai sanyi da ba ma samun irinta a unguwannin Accra irin su Nima ko Madina. Hoton itace kuwa ya fi na fure wuya. Fure ko yaro ya ɗauka zai yi kyau, amma rimin da ya cika maka ido a fili, sai ka duba waya ka tarar ya koma wani duhu kore marar kai da gindi.

Dalilin yawan itatuwan yana cikin asalin wurin. Turawan mulkin mallaka ne suka buɗe shi a watan Maris na 1890, a inda suka riga suka gina gidan jinya da hutun ma'aikatansu tun 1875 saboda sanyin saman dutsen. Ba don shaƙatawa suka kafa shi ba. Wurin gwajin shuke-shuken kasuwanci ne, irin su koko da roba, kuma mutumin da aka fara damƙa wa kula da shi, William Crowther, daga lambun Kew na Landan aka turo shi. Filin ya kai hekta 64.8, ko da yake ɓangaren da baƙi ke zagayawa bai kai haka ba, ƙafa tana gama shi cikin sa'o'i biyu zuwa uku in ba ka gaggawa.

Zuwa ba wuya. Daga tsakiyar Accra tafiyar wajen kilomita 30 ce. Ka shiga trotro, wato ƙaramar bas ta haya, a tashar Madina, mai zuwa Aburi ko mai wucewa Mampong da Akropong, ka gaya wa yaron mota a lambu za ka sauka. Hanya ta bi ta Adenta da Ayi Mensah, daga nan ta fara hawa tana lanƙwasa. In Asabar ce da sassafe za ka ga dandazon masu motsa jiki suna hawan dutsen a ƙafa. Idan kun iso Peduase, inda masaukin shugaban ƙasa yake, ka mayar da kyamara cikin jaka, akwai jami'an tsaro kuma ba wurin ɗaukar hoto ba ne. A ƙofar lambu ana biyan kuɗin shiga. Ka riƙo canjin sidi a aljihu, kuma in ka zo da babbar kyamara, ko da amarya da ango da mai riƙe musu fitila, ka faɗa tun a ƙofa ka ji ƙa'idarsu. Ya fi maka sauƙi da a zo a tsayar da kai ana tsakiyar aiki.

Zaɓen rana da lokaci shi ne rabin aikin, ni a wurina ma ya fi irin kyamarar da ka riƙo muhimmanci. Aburi na kusa da layin ikwaita da ya raba duniya biyu, rana na fitowa wajen ƙarfe shida, kafin goma ta riga ta ɗaga ta yi ƙarfi. Daga nan har zuwa la'asar haskenta yana ratsa ganye ya zubo ƙasa dabbare-dabbare, nan fari fat, can baƙi ƙirin. Idon mutum yana iya haɗa biyun, kyamara ba ta iyawa: ko ta ƙona farin, ko ta binne inuwar. Don haka ka yi sallar asuba ka kama hanya, ka zama cikin na farkon shiga. In safiya ta kuɓuce maka, ka jira bayan la'asar, amma ka sani magariba a nan ba ta jira, da rana ta faɗi duhu ya shigo.

Ranar da mutane ke cewa gari bai yi kyau ba, ita ce ranarka. In hadari ya lulluɓe sama, haske yana sauka daidai a ko'ina, kore ya fito kore, fuska ta fito ba tabo. Kudancin Ghana damina biyu yake yi, babba daga Afrilu zuwa Yuli, ƙarama daga Satumba zuwa Nuwamba. Safiyar da ta biyo bayan ruwan dare ta fi kowace: an wanke ganye, ɓawon itace ya yi duhu ya fito da zanensa, wani lokaci ma hazo ya sauko ya tsaya tsakanin itatuwa. Hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, bai kai na Kano ko Zinder tsanani ba, amma yana shafa wa ganye ƙura ya mayar da sama fari-fari. A irin wannan lokaci ka rage sama a cikin hotonka, ko ka fitar da ita gaba ɗaya. Ranakun hutu kuwa, irin 6 ga Maris, Litinin ɗin Ista, 26 ga Disamba da kwanakin bayan Sallah, lambun cika yake maƙil da 'yan makaranta da ƙungiyoyi da masu kiɗa. In hoton jama'a kake so, madalla. In na itatuwa ne, ka zo Talata ko Laraba.

Kana shiga abin da zai fara tarbarka shi ne jeren dogayen itatuwa dangin kwakwa, hagu da dama, jikinsu sumul kalar toka, sun miƙe sambal. Kowa a nan yake fara ɗauka, kuma kusan kowa iri ɗaya yake ɗauka: a tsaya a tsakiyar hanya, a ɗaga waya daidai fuska, a danna. Kai ka durƙusa, ka sauke wayar kusa da gwiwa, ka juya ta tsaye. Haka tsayinsu zai fito. Kada ka karkata wayar sama da yawa, don itatuwan za su zama kamar suna faɗowa juna. Ja da baya ya fi, sannan ka jawo hoton da lamba 2 ta wayar, sai jeren ya matse, itace bayan itace. Mai kyamara ya sa ƙofar shigar haske a f/8 don na gaba da na baya duk su fito. Sannan ka yi haƙuri ka jira mutum guda ya shigo hanyar daga can nesa. Ba tare da shi ba mai kallo ba zai san ko itatuwan nan kamu goma ne ko kamu ɗari ba.

Wannan maganar sa mutum cikin hoto ta fi ƙarfi a gindin babban rimin lambun, wanda ake cewa ragowar kurmin da ke wurin ne tun kafin Turawa su share. Mu da muka san rimi a bakin kasuwa da ƙofar gari, wannan ɗin dai sai ka ɗaga kai har hula ta nemi faɗuwa. Ba zai shiga hoto ɗaya ba, kada ka wahalar da kanka. Raba shi uku. Na farko saiwoyin gindinsa, waɗanda suka taso daga ƙasa suka tsaya fale-fale har mutum zai iya shigewa tsakaninsu ya ɓace; sa abokin tafiyarka ya tsaya a lungu ɗaya. Na biyu ka manna bayanka da jikin itacen ka ɗauki sama, rassa sun bazu. A nan waya takan ruɗe, sai ka taɓa allon a kan ganye, ka ja alamar rana ƙasa kaɗan har sararin sama ya daina ƙonewa. Na uku ka matso kamu ɗaya ka ɗauki ɓawon kansa, da gansakuka da ƙananan tsire-tsiren da suka maƙale masa. Sau da yawa na ukun nan ne nake ajiyewa in goge sauran.

Akwai kuma wani itace dangin ɓaure da cediya da ya tsiro a kan wani itacen, ya sako saiwoyi ya naɗe shi har ya kashe shi. Na cikin ya ruɓe ya ƙare, aka bar rami tun daga ƙasa har sama. Ana shiga ciki. In ka shiga ka ɗaga kai za ka ga haske na shigowa ta ƙofofin saiwoyi. Cikin da duhu, saboda haka ka jingina gwiwar hannu da jikin itacen, ka riƙe numfashi sannan ka danna. Mai kyamara ya ɗaga ISO, wato ƙarfin jin hasken kyamara, zuwa 800 ko sama, kada saurin ɗauka ya gaza 1/60 na daƙiƙa. Filas kuwa kashe shi, a nan da ko'ina cikin lambun. Ba abin da yake yi sai ya haske saiwar da ke gaban hancinka ya baƙanta sauran. Kafin ka jingina ka duba, akwai tururuwa masu cizo.

Tsohon jirgi mai saukar ungulu da ke yashe a kan ciyawa, da busasshen itacen da aka sassaƙa siffofin mutane da dabbobi a jikinsa, su ne wuraren da layi ke taruwa. Ɗauki ka wuce. Haka itatuwan da manyan baƙi suka dasa, irin Sarauniya Elizabeth ta Biyu a 1961 da ɗanta Charles a 1977, labarinsu ya fi surarsu daɗi.

Inda na fi so mutum ya ɓata lokaci shi ne wajen itatuwan kayan ƙamshi. A nan ɗan jagora yana da amfani, don shi zai nuna maka cewa wannan itacen da ka wuce ba ka ko kalla ba shi ne kirfar da ake sa mana a shayi, ya murza busasshen ganye ya miƙo maka ka sansana. Ka nemi itacen koko ma, ka ga yadda 'ya'yansa ke fitowa a jikin kututture kai tsaye, ba a ƙarshen reshe ba. Hoton kusa yana da nasa sharaɗi. Iska ce abokiyar gaba, ganye ba ya tsayawa, don haka ka saita, ka jira ta lafa, ka danna sau uku ko huɗu. Ka zagaya har rana ta koma bayan ganyen, sai jijiyoyinsa su fito ɗaya-ɗaya. Ka duba abin da ke bayan abin da kake ɗauka, taku ɗaya zuwa hagu yakan fitar da kwandon shara ko rigar wani daga hoton. Duk itacen da ka ɗauka, in yana da allon suna, ɗauki allon nan take. Bayan mako guda ba za ka tuna wane ne wane ba. Kuma hannu ya tsaya a kan kyamara: ba a tsinkar ganye, ba a ɓantarar ɓawo, ko da ka gane maganin gargajiya ne.

Hoton mutane a cikin lambu sai an yi dabara, musamman mu masu duhun fata. Ka sa mutum ƙarƙashin itace da tsakar rana, goshi zai yi fari, ido ya shige duhu, ga kuma kore da ciyawa ke watso wa haɓa da farar riga. Ka kai shi bakin inuwa, inda ta kusa ƙarewa, ya fuskanci fili, sannan ka taɓa fuskarsa a allon waya don ta auna haske da ita. A faɗa wa 'yan gida tun daren jiya kada kowa ya sa kore. Jan mayafi, atamfa mai ruwan goro ko shuɗiyar shadda su ke tashi a cikin ganye. Farar shadda mai sheƙi tana ƙonewa a rana, sai a inuwa. Baƙin da ba ka sani ba kuwa, ka yi sallama ka nemi izini kafin ka ɗauke su, ballantana yaran mutane. In ka tarar ana ɗaukar hoton biki a jeren ƙofa, ba su minti biyar, su ma kuɗi suka biya.

Kaya kaɗan suka isa. Takalmi rufaffe, don ciyawar safe jiƙe take da raɓa. Ruwan sha, da ɗan ƙari na alwala, da darduma, tunda azahar za ta iya riskarka a ciki kuma wuri mai tsabta a inuwa ba ya wuya. Leda ko laima saboda ruwan sama a kan dutsen ba ya sallama. Abin cajin waya na tafi-da-gidanka, ko batir na biyu. Sai ƙyalle mai laushi: in ka fito daga mota mai sanyin na'ura, gilashin kyamara zai yi gumi, ka ba shi minti goma ya saba da iskar wurin kafin ka goge. Wayar da ta kwana a aljihu ma a goge idonta, rabin hotunan da ke fitowa dishi-dishi maiƙon yatsa ne. Mai kyamara in yana da gilashin da ke kashe ƙyalli, wanda ake murzawa a gaban lens, ya zo da shi, yana cire sheƙin jiƙaƙƙen ganye.

Wajen gyara a gida, a yi hankali da kore. Manhajojin waya suna son ƙara masa ƙarfi har ganye ya koma kalar roba. Ka ɗan buɗe inuwa, ka rage wuraren da suka yi fari, ka tsaya nan. In za ka tura wa wani ta WhatsApp, tura shi a matsayin fayil, in ba haka ba za a matse hoton, ƙananan ganye su dame.

In ka fito da sauran rana, masu sassaƙa suna nan bakin hanyar Aburi da ganguna da kujeru da mutum-mutumi. A tambaya kafin a ɗauka, wasu sai ka sayi wani abu. Ko kuma ka ƙara gaba kaɗan zuwa Mampong, inda gonar Tetteh Quarshie take, mutumin da ya kawo irin koko daga tsibirin Fernando Po ya shuka a 1879. Sai dai ka kama motar dawowa kafin ƙarfe biyar, musamman ranar Lahadi, don cunkoson Adenta zuwa Madina yakan cinye abin da ya fi sa'a guda.