Matakan gwada sabuwar manhaja a sabar kiɗan da ka haɗa da kanka

Da farko dai kar ka taɓa katin da tsohuwar manhajar take ciki, cire shi ka ajiye, ka samo wani katin SD ko filashi daban, in sabuwar ba ta yi maka ba sai ka mayar da tsohon kawai. Waƙoƙinka na FLAC (nau'in fayil ɗin sauti da ba ya rage inganci) ma ka kwafe su a wani diski tukuna.

Sai ka duba injinka. In Raspberry Pi ne (wata 'yar ƙaramar kwamfuta mai kamar tafin hannu), manhajar moOde Audio ko Volumio za su yi, in kuma ƙaramar kwamfuta ce mai Intel to gwada Daphile, tana tashi daga filashi kai tsaye. Sauke fayil ɗin manhajar, ka rubuta shi a sabon katin ko filashin da balenaEtcher (manhajar rubuta irin wannan fayil).

Ka jona wayar netwok, ka sa DAC ɗinka (na'urar da ke mayar da fayil ɗin waƙa ya zama sautin da lasifika ke fitarwa) ta USB kafin ka kunna. Daga waya ko laftof buɗe burauza ka shiga adireshin sabar, na Volumio volumio.local ne. Zaɓi DAC ɗin, kashe duk wani saitin da ke canja sautin, ka nuna wa manhajar inda waƙoƙin suke ta jero su.

Wajen saurare ne ake yawan rikicewa, don kunne ya fi son abin da ya fi ƙara, to lallai ka daidaita ƙarar tsohuwar da sabuwar, ka sa waƙoƙi uku huɗu da ka san su sosai, ka duba ko tana tsinkewa tsakanin waƙa da waƙa, musamman fayiloli masu 24 bit (masu babban inganci). Ka ba ta kwanaki kafin ka yanke hukunci.