Yadda Ake Ziyartar Garin Lucca Daga Pisa A Ƙasar Italiya

Da farko, hau jirgin ƙasa daga tashar Pisa Centrale. Tafiyar kusan minti 30 ce. Idan tikitin takarda ka saya, ka buga shi a na'urar tasha kafin ka shiga, in ba haka ba mai duba tikiti zai ci ka tara.

Kana sauka, ganuwar garin na gabanka. Shiga ta ƙofar San Pietro, ka yi hayar keke ka zagaya saman ganuwar, kilomita 4 da ɗoriya. Da sassafe ya fi daɗi.

Sai hasumiyar Guinigi mai itatuwa a kanta, matakala kusan 230, sai mai ƙarfin gwiwa.

Kada ka shigar da motar haya cikin ganuwa. Kyamarori na ɗaukar lamba, tara kuma ta biyo ka har gida. Mai son teku ya ƙarasa Viareggio a jirgi.