Babi na Shida: Kuɗin Kwalba

Darasi na 1

Kun sayi lemon kwalba wurin mai tebur a bakin kasuwar Dole, za ku tafi da shi gida. Sai ya ce, "Malam, bar kuɗin kwalba." Kun ƙara masa dala ashirin. Gobe kuka maido kwalba, ya maido muku dala ashirin ɗinku. Kowa a Damagaram ya san wannan. Yau rubuta shi za mu koya.

Ku ɗauki fensir. Ku ja layi daga sama zuwa ƙasa a tsakiyar takarda. A hagu ku rubuta: kuɗin lemo. Hagu shi ne hannun da ba a cin tuwo da shi. A dama ku rubuta: kuɗin kwalba.

Mu ce lemo 300 F ne (F yana nufin sefa). Ku sa 300 a hagu. Ku sa 100 a dama. Ku tuna, takarda sefa take ƙirgawa, baki kuma dala. 100 F dala ashirin ne, ba dala ɗari ba. Kada ku ji kunya, kowa a nan ya fara tuntuɓe.

Nawa kuka miƙa? 400 F, dala tamanin. Nawa kuka kashe? 300 F kawai. Na hagu ya tafi. Na dama naku ne, ajiya kuka ba mai tebur. Ku faɗa da ƙarfi: na hagu ya tafi, na dama yana dawowa. Hajiya da ke baya, a sake faɗa. Madalla.

Yanzu ku rufe takarda. Nawa ne lemo? Duk wanda ya ce 400, ya buɗe ya sake duba layin. Kuɗi biyu ne, ba ɗaya ba.

Darasi na 2

A wurinmu amana ce tsakaninku da mai tebur. A wasu ƙasashe doka ce. Jihar Oregon ta Amurka ta kafa tata a 1971, santi 5 na kuɗin Amurka a kan kowane gwangwani, ta mai da shi santi 10 a 2017. Jamus ta fara a 2003. Can robar lemo da gwangwani, waɗanda ake sha sau ɗaya, kowane yana ɗauke da santim 25 na yuro. Da kuɗinmu kusan 165 F, dala talatin da uku.

Ga yadda kuɗin ke zagayawa. Mai shago ya biya kamfani ajiyar lokacin da ya sari kaya. Mai saye ya biya mai shago. Ya sha, ya kai robar, ya jefa cikin wata na'ura a bakin shago. Na'urar ta karanta ƙananan layuka baƙaƙe da ke jikin robar, ta fito da ƴar takarda. Ya kai takardar wurin mai karɓar kuɗi, a biya shi ko a rage masa a sayayya.

Saboda haka ba a ɓare takardar jikin roba, ba a take ta da ƙafa. In na'ura ba ta ga layukan ba, ba ta biya.

A rasit ɗin Jamus kuɗin ajiya layinsa daban, ana rubuta Pfand. Wane gefe za ku sa shi? Dama. Makon jiya rabin aji sun haɗa shi da kuɗin lemo, bayan na faɗa har muryata ta dushe. Haba jama'a! Wanda ke riƙe lissafin buhun gero goma a kai, layi ɗaya ba zai gagare shi ba. Ba ku dubawa a gida ne. Na dama yana dawowa.

Darasi na 3

Wanda ya yar da kwalba, ya yar da kuɗinsa. Wanda ya tsinta ya kai, shi ake biya. Shi ya sa a Jamus wasu ke bin titi suna tara roba. Kwalba in ta fashe, ajiya ta tafi.

Darasi na 4

Lemo uku, kowane 300 F, kuɗin kwalba 100 F kowace. Kun maido biyu, ɗaya ta fashe. Ku ja layi. Nawa ya dawo? Ku zo da amsa ranar Laraba, da fensir.