Yadda Ake Gano Tsohon Katun Mai Kiɗan Rok Da Aka Kalla A Yarinta

Mutane da yawa suna riƙe da wani ɗan guntun tunani na katun da suka taɓa gani suna ƙanana, a talabijin cikin dare ko a kaset ɗin bidiyo da takardarsa ta yage, katun mai duhu da ƙarar jita, wanda ya ba su tsoro amma suka kasa ɗauke ido daga kansa. Sau da yawa irin wannan fim ba don yara aka yi shi ba, sai dai manya sun ga zane ne suka bar yaro a gabansa. Gano sunansa bayan shekaru abu ne mai yiwuwa, domin finafinan zane na manya da aka gina a kan kiɗan rok ba su da yawa, kuma galibin shahararrun cikinsu sun fito ne tsakanin 1981 da 1983.

Kafin ka taɓa waya ko kwamfuta, ka zauna ka rubuta abin da idonka ya gani, ba abin da kake zaton labarin ya ƙunsa ba, saboda yaro yakan riƙe hoto ya manta labari. Hoto ɗaya tak yana iya raba gardama. Idan abin da kake tunawa guduma ce jere-jere suna tafiyar sojoji, to Pink Floyd – The Wall ne na 1982, wanda Gerald Scarfe ya yi zanensa, ko da yake mafi yawan fim ɗin 'yan wasa ne na zahiri. Idan wani koren dunƙule ne mai haske yana haɗa gajerun labarai daban-daban, Heavy Metal ne na 1981. Idan kuwa tarihin zuri'a ɗaya ne ta mawaƙa da ta yi hijira daga Rasha zuwa Amurka, uba ya wuce ɗa ya gaje shi har tsara huɗu, wannan American Pop ne na Ralph Bakshi, shi ma na 1981.

Wanda ya fi wahalar da masu nema shi ne Rock & Rule, fim ɗin da kamfanin Nelvana na birnin Toronto a Kanada ya fitar a 1983, Clive A. Smith ya ba da umarni. Alamarsa ita ce mutanen cikinsa suna da siffar ɗan Adam amma da hanci irin na kare ko ɓera, domin a labarin yaƙi ya hallaka 'yan Adam, dabbobin titi suka rikiɗe suka gaji duniya. Akwai wani tsohon tauraron mawaƙi mai suna Mok, dogo mai kaurin leɓe, wanda ya sace wata mawaƙiya Angel domin ya yi amfani da muryarta ya kirawo dodo daga wata duniya, abokanta kuma, Omar da Dizzy da Stretch, suka bi sawunta zuwa birnin Nuke York. Dalilin ɓacewarsa shi ne bai yi kasuwa ba ko kaɗan: an kashe kimanin dala miliyan 8 wajen yin sa, abin da ya samu a sinima bai taka kara ya karya ba, har kamfanin ya kusa durƙushewa, sai fim ɗin yara na Care Bears ya farfaɗo da shi a 1985. Saboda haka yawancin masoyansa a talabijin ko a kaset suka ci karo da shi, sau da yawa daga tsakiya, ba su ga sunansa ba.

Da ka kammala rubuta abin da ka tuna, sai ka nema a intanet da gajerun kalmomin Turanci masu bayyana hoton, ka haɗa da shekarun da kake zato, sannan ka duba sashen hotuna kafin na rubutu, domin fuskar Mok, alal misali, ba ta ɓoyuwa ga wanda ya taɓa ganinta. Nema ta hanyar waƙa bai cika yin amfani a nan ba, kuma abin mamaki ne, tunda manyan mawaƙa ne suka rera: Lou Reed da Iggy Pop suka yi wa Mok waƙa, Debbie Harry ta yi wa Angel, ƙungiyoyin Cheap Trick da Earth, Wind & Fire ma suna ciki, amma ba a fitar da waƙoƙin a faifai guda ba lokacin da fim ɗin ya fito.

Bayan samun suna, saura tantance nau'in da ka kalla, kuma a nan ne mutane suke rikicewa. Rock & Rule iri biyu ne. A na Kanada, Greg Salata ne ya yi muryar Omar, a na Amurka kuwa kamfanin rarrabawa na MGM/UA ya sa aka maye gurbinsa da Paul Le Mat, aka kuma sassauta wasu kalaman. Wanda ya ji muryar ta yi masa baƙo kada ya zargi ƙwaƙwalwarsa, wataƙila ɗaya nau'in ne ya samu. Faifan DVD na musamman da kamfanin Unearthed Films ya fitar a 2005 yana ɗauke da duka biyun, kuma a ganina shi ya fi dacewa a nema, maimakon dusassun kwafe-kwafen da aka ɗauko daga tsofaffin kaset-kaset, inda duhun zanen yake cinye rabin abin da aka zana.

Idan faifan ya zo hannu, ka fara kallonsa kai kaɗai da lasifika mai kyau, kafin ka yi tunanin kiran 'ya'yanka su taya ka. A cikin Rock & Rule akwai shan ƙwaya da shigar da ba ta dace ba da kiran aljanu, Heavy Metal kuwa ya fi shi tsiraici da zubar da jini nesa ba kusa ba, abubuwan da suka wuce ta kanka kana yaro amma yanzu za ka gan su ƙarara. Minti 77 ne tsawon na Amurka, don haka zama ɗaya ya isa ka yanke shawarar ko na nuna wa iyali ne ko na ajiyewa a ɗaki.