Yadda za ka tara kan sarkin kowace ƙasa kana zaune a Garwa

Mahaifina, Allah ya jiƙansa, yana da ɗan tebur a inuwar darbejiya kusa da gidan waya na Garwa, inda yake rubuta wa mutane wasiƙa, wani da Faransanci, wani da ajami. Idan amsa ta zo, wurinsa ake kawowa ya karanta. Mai wasiƙa ya ninke takardarsa ya sa aljihu, ambulan kuwa a yar da shi ƙarƙashin tebur, ni kuma in bi ina tsincewa. Da haka na fara tara tambur, wanda 'yan'uwanmu na Najeriya ke kira kan sarki. Yau ina da na ƙasa 148, kuma ban sayi ko guda ashirin daga ciki da kuɗina ba.

Kafin ka nemi ko ɗaya, sayi littafin rubutu ka jera sunayen ƙasashe. Majalisar Ɗinkin Duniya tana da ƙasashe 193. Na ƙara Vatikan da Falasɗinu suka zama 195, kuma a nan na ja layi. In ba ka ja layi ba, aikin ba zai taɓa ƙarewa ba, don akwai tsibirai da yankuna masu buga nasu tambur alhali ba ƙasashe ba ne. Kowace ƙasa ka ba ta layi ɗaya: ranar da tambur ɗinta ya zo hannunka, da wanda ya kawo.

Sai kuma ka ware shafuka a baya don ƙasashen da suka sauya suna ko suka shuɗe, domin za su zo maka ko ba ka nema ba. Haute-Volta ta koma Burkina Faso a 1984, Dahomey ta koma Benin a 1975, Zayar ta koma Kwango a 1997. Ko ƙasarmu Kamaru kaɗai ta isa shafi guda. Akwai na zamanin Jamusawa mai rubutun Kamerun da hoton jirgin ruwan sarkinsu, akwai République Fédérale daga 1961, République Unie daga 1972, sannan République du Cameroun daga 1984. Tsofaffin wasiƙun Cadi na kafin 'yancin kai sau da yawa ba za ka ga sunan Cadi a kansu ba, Afrique Équatoriale Française za ka gani. Waɗannan ba na ƙirga su cikin 195, amma su na fi buɗewa in duba.

Ƙa'idata ita ce wannan: tambur ɗin da ya yi tafiya, wanda aka buga wa hatimi a garin da ya fito, shi ne nawa. Sabo fil yana da kyau a ido, amma bai taɓa kai saƙon kowa ba. Wanda ya bi wannan ƙa'ida dole ya koyi roƙon mutane, kuma wannan roƙo shi ne rabin aikin.

Fara da gida. Je wurin tsofaffi ka ce, "Baba, ko akwai tsofaffin wasiƙu a akwati?" Kada ka nemi wasiƙar, ambulan kawai za ka nema, kuma ka bari shi ya zare takardar da hannunsa, don abin da ke ciki sirrinsa ne. Dattawan da suka yi zamanin rubuta wa sassan Hausa na gidajen rediyon waje wasiƙa su ne taska. A akwatin kawuna na samu na Sin da na Iran da na Jamus a rana ɗaya. Malaman da 'ya'yansu suka yi karatu a Azhar ko Madina ko Khartum suna da na Masar da Saudiyya da Sudan. Direbobin da ke tsallaka gadar Ngeli daga Kusiri zuwa Njamena, da masu zuwa Yola da Mubi da Bangi, ka ba su ambulan mai adireshinka da ɗan kuɗin tambur, ka roƙe su su jefa a gidan waya can. Wani zai manta, wani zai dawo maka da ambulan a aljihu ya yi laushi, amma wani zai jefa. 'Yan kasuwa masu zuwa Dubai da Guwanzu da Istanbul ma haka.

Kada ka ji nauyin zuwa wurin 'yan mishan. Mutanen Nowe sun daɗe a Ngaundare, limaman coci 'yan Polan kuma suna Figil, kuma wasiƙa ba ta yanke musu ba. Ta wannan hanya na samu Norge da Polska, wato na Nowe da na Polan, da na Vatikan. Ka yi sallama, ka faɗi abin da ya kawo ka, ba a taɓa kora ta ba.

Idan ambulan ya zo, tsaya ka duba kafin ka kama almakashi. In tsoho ne, ko hatiminsa ya fito sarai da sunan gari da kwanan wata, bar shi ɗungurungum. Na taɓa yanke wani na 1961 ina yaro, har yau abin yana yi mini ciwo. In na yau da kullum ne, yanke kewayen tambur ɗin ka bar ɗan fili, ka jefa a kwanon ruwa mai tsabta, ruwan randa ya isa, ban da mai zafi. Bayan kamar minti goma sha biyar zai saki takardar da kansa. Kada ka ja, haƙoran gefensa za su tsinke, tambur mai giɓi kuwa ya rage daraja. Ambulan ja ko shuɗi a jiƙa shi shi kaɗai, don yana zuba kamar sabon atamfa, zai rina maka sauran. Ka kife tambur ɗin a kan farar takarda a inuwa, in ya sha iska ka sa shi tsakanin takardu biyu ka danne da littafi mai nauyi ya kwana. Na zamani masu manne kansu, irin na Amurka, yawancinsu ruwa ba ya sakin su, sai a yanke su da takardarsu a ajiye haka.

Gam da salatif ba sa kusantar tambur. Yatsa ma haka, musamman a zafin Maris da Afrilu da gumi ba ya barin hannu. Nemi matsefata mai faɗin baki marar kaifi. Littafin ajiya mai aljihunan leda shi ya fi, ka sa a taho maka da shi daga Yawunde ko Duwala. A tsaye ake ajiye shi, ba a kwance ba. Da damina, musamman watan Agusta, laima ce abokiyar gaba: ina sa nawa a akwatin ƙarfe tare da 'yan ƙunshin nan masu shan laima da ake samu a kwalin sabon takalmi, a kan benci nesa da bango saboda gara.

Sai gane ƙasa, wanda shi ne wurin da ya fi daɗi. Tambur marar sunan ƙasa sam, sai kan sarauniya ko na sarki, na Birtaniya ne. Su suka fara bugawa a 1840 da kan Sarauniya Biktoriya, kuma har yau ba sa rubuta suna. Helvetia Suwizalan ce, Suomi Finlan, Nippon Japan, Éire Ailan, Magyar na Hangari, Shqipëria Albaniya, Hrvatska Kuroshiya. CCCP tsohuwar Tarayyar Sobiyet ce, wurinta shafin baya. Mu da muka yi makarantar allo muna da sa'a, na ƙasashen Larabawa muna karanta su kai tsaye.

Ka yi hattara da masu sheƙi da ake tallatawa a intanet da sunan Cadi ko wata ƙasar Afirka, ɗauke da hoton mawaƙan Turawa ko 'yan ƙwallo. Da yawansu ba gidan wayar ƙasar ya buga su ba, kuma Ƙungiyar Gidajen Waya ta Duniya, wadda aka kafa a Bern a 1874, takan fitar da gargaɗi a kansu. Akwai kuma masu hatimi tsaf a kusurwa, amma in ka juya bayansu gam ɗinsu yana nan lafiya lau. Waɗannan ba su taɓa hawa ambulan ba, an buga musu hatimin ne don sayarwa. In ba ni da wani, nakan ajiye su in sa alamar fensir a gefen sunan ƙasar har na gaske ya zo.

Ƙasa ɗari ta farko tana zuwa da sauƙi in kana da baki. Daga nan tafiya ke yin nauyi. Nauru, Tubalu, Kiribati, Palau, ƙananan ƙasashen tsibirai na tekun Pasifik, ba mu da ɗan'uwa ko ɗalibi a can. Hanyarsu ita ce musaya, saboda haka kada ka raina na Kamaru da Cadi da suka yi maka yawa. A wurin mai tarawa a Turai ko Asiya, ambulan mai hatimin Garwa ko Marwa abin nema ne. Ina aika biyar, in roƙi ɗaya tak da na rasa. Na Butan haka ya zo mini, bayan wata bakwai. Yanzu na Tubalu nake jira, kuma kowace Juma'a kafin masallaci sai na biya na duba akwatina.