Yadda ake kula da kitso da farce a hunturun Sakkwato

Daga watan Nuwamba, da iskar hunturu ta fara kaɗowa daga arewa maso gabas ɗauke da ƙurar hamada, har zuwa ƙarshen Fabrairu, gashin mace a Sakkwato yana cikin wahala. Leɓe ya tsage, diddige ya yi faso, ki zo tsefe kai ki ga matsefi ya cika da guntayen gashi. Ni sai da gaban goshina ya zube kafin na tsaya na koyi abin da zan gaya miki. Wani ƙaramin kitso aka yi mini na biki, aka ja shi har na kwana biyu ban iya ɗora goshi a ƙasa da daɗi ba wajen sujada. Da gwaggona ta ɗaga ɗankwalina ta gani, sai ta riƙe haɓa ta ce, "Ɗiyata, mi kika yi ma kanki haka? Gashi ba ya son hushi." Ita ta zaunar da ni ta nuna mini yawancin abin da ke nan.

A fara da tsefewa, domin a nan ake asarar gashi mafi yawa. Kada ki taɓa tsefe busasshen kitso. Zuba ruwa mai ɗumi a ɗan kofi, ki jiƙa tafin hannu ki shafa a kan layin da za ki warware, ki bi shi da ɗan man kaɗanya ko man shanu. Ki fara daga jelar kitson ki yi sama, da tsinke ko da yatsu. In kin kai gindi za ki tarar da wani ɗan dunƙulen datti fari-fari inda mai da ƙura suka haɗu. Wannan wurin shi ne mai haɗari. Ki murza shi a hankali da yatsa biyu har ya saki, sannan matsefi mai manyan haƙora ya shiga. In kin ga gashi ya fito da ɗan yawa, kada hankalinki ya tashi nan take: kowace rana mutum yana zubar da sili 50 zuwa 100, kuma wanda ya zuba cikin makonnin da kitso yake ɗaure yana nan maƙale sai ranar tsifa. Abin dubawa shi ne tsawonsa. Dogon sili mai ɗan farin ɗigo a gindi ya gama kwanansa ne. Guntaye kuwa karyewa suka yi, kuma bushewa ce ta karya su.

Sai wanki, kuma a nan zan daɗe, don karkashi ya cancanci a yi maganarsa. Wannan ganyen da muke miya da shi, yauƙinsa yana sa gashi santsi har matsefi ya wuce ba gardama. Ana samun busasshensa wajen masu kayan miya a Tsohuwar Kasuwa da ƙananan kasuwannin unguwa, kuma kuɗinsa bai taka kara ya karya ba. Ki ɗebi cikin hannu ɗaya ki jiƙa a ruwa mai ɗumi kamar lita ɗaya, ki bar shi minti 20, ki dama da hannu har ruwan ya yi yauƙi yana bin yatsu. Ki tace da tsumma mai tsabta ko rariya mai laushi. Kada ki yi ƙyuyar tacewar nan, in ba haka ba za ki wuni kina tsintar ganye a kai.

Kafin karkashin, ki raba gashin kashi huɗu ko shida, ki wanke fatar kai da sabulun salo da aka narka a ruwa, ko da man wanke gashi mai sauƙi. Fatar kai ake wankewa, da tsokar yatsu, ba da farce ba; kumfar da ta gangaro ta ishi tsawon gashin. Sau ɗaya ya isa, sau biyu in kai ya yi datti sosai. Sabulun wanki na tufafi da omo ba na kai ba ne, suna kwashe man da fata ke fitarwa su bar gashi kamar tsintsiya. Bayan kin ɗauraye, ki zuba ruwan karkashin kashi-kashi, ki taje daga ƙarshe zuwa gindi yana jiƙe da yauƙin, ki ba shi minti 10, sannan ki ɗauraye da ruwan da bai da zafi. Na san sanyin asuba a watan Janairu yana sa mutum son tafasasshen ruwa. Ki bari sai hantsi ko azahar, ki yi da mai ɗumi kawai.

Wajen busarwa, ki matse da tsohuwar riga mai laushi, kada ki goge da ƙarfi. Ga abin da na fi so ki riƙe a duk bayanin nan: mai ba ya jiƙa gashi, ruwa ne ke jiƙa shi, aikin mai shi ne ya tsare ruwan kada iska ta kwashe. Saboda haka ana shafa mai tun gashi yana da sauran laima. Man kaɗanya kamar girman ƙwayar dabino ya ishi kashi ɗaya. Ki narka shi tsakanin tafukan hannu, ki shafa a tsawon gashi, ki ƙara a ƙarshensa don shi ne mafi tsufa kuma shi ke fara tsagewa. Man shanu ma yana yi, sai dai a soya shi tukuna don ƙarnin ya tafi. Mai amosanin kai ta rage lafta mai a fatar kai, man yana ƙara wa amosanin ƙarfi ne. Garin chebe da ake kawowa daga Chadi shi ma a jikin gashi ake sa shi tare da mai, ba a fata ba, kuma amfaninsa hana karyewa ne. Tsiro kam daga ciki yake, kusan santimita 1 a wata, ko da me aka shafa.

Yanzu kin zauna gaban mai kitso. Ki buɗe baki ki yi magana tun kafin ta tsaga layin farko. "Don Allah Yaya, a sassauta mini gaba, a bar ƙananan gashin goshi." Babu rashin kunya a ciki, kuma mai kitson kirki za ta ji. In kin ga fatar gefen kai ta ɗaga, ko ƙananan ƙuraje sun fito a bakin layi washegari, ko kai na sara har sai kin sha magani, kitson ya yi tsauri, a warware layukan gaba a ranar. Jan da ake yi wa gindin gashi shekara da shekaru yana iya kashe shi har abada, wurin ya yi sumul. A hunturu na fi son manyan layuka zuwa baya ko kalaba matsakaiciya. Shuku yana da kyau, amma in an yi shi wannan karon, a sauya salo a na gaba don kada wuri ɗaya ya riƙa ɗaukar nauyi. Ƙananan yara kuwa, fatar kansu ba ta kai tamu ƙwari ba. Kukan yarinya a gaban mai kitso ba shagwaɓa ba ce kullum. Ki je da matsefinki da tsinkenki, saboda makero da ƙwarƙwata ta nan suke yawo.

Mako biyu zuwa uku ya ishi kitso. A tsakani, duk bayan kwana biyu ki yayyafa ruwa kaɗan ki bi da mai, ki kwana da ɗankwali mai santsi. Kada ki ɗaura kallabi a kan jiƙaƙƙen kai ki fita, wari yake kawowa da ƙaiƙayi. Wankan tsarki ma bai wajabta tsefewa ba: a hadisin Ummu Salama da Muslim ya ruwaito, Annabi (SAW) ya ce ya ishe ta ta zuba ruwa sau uku a kanta. A dai tabbata ruwan ya kai fata.

Farce aikinsa bai kai wannan yawa ba. Ki yanke shi bayan wanka ko wanke-wanke, lokacin ya yi laushi ba zai tsage ba. Na ƙafa a yanke shi a miƙe, kada a bi kusurwa a ƙwaƙule, don haka ne yake shiga nama. Fatar da ke gindin farce a bar ta, ita ce ƙofar da ke hana ƙwayoyin cuta shiga, cizge ta na iya jawo ɗan karkare. Farcen hannu yana tsiro kusan milimita 3 a wata, kuma Sunna ta hana a bar shi ya wuce kwana 40. Ki mallaki abin yanke farce naki na kanki. Reza ko almakashin da ya taɓa jinin wani yana iya ɗaukar ciwon hanta, saboda haka in mai yankan farce ya zo ƙofar gida, a miƙa masa kayan gidan. Da dare ki jiƙa ƙafa a ruwan ɗumi minti 15, ki goge kaushi da dutse a hankali, ki shafa man kaɗanya ko basilin ki sa safa. Mai ciwon suga kada ta sa reza a ƙafarta ko kaɗan, faso in ya yi zurfi ta kai shi asibiti.

Don ado, jan lalle na gargajiya ya fi mini jan farce na kwalba, domin shi rini ne kawai, ba ya hana ruwan alwala taɓa farce. Ki tankaɗe garin, ki kwaɓa da ruwan ɗumi da ɗan lemun tsami, ki rufe ki bar shi ya tsima na wasu awoyi. Ki ɗora a farce da kan yatsu, ki ɗaure da leda da tsumma. Iyayenmu zunguru suke zura hannu a ciki. In kin cire zai fito ruwan goro, cikin kwana biyu ya nuna ya yi ja sosai. Jarirai ba a sa musu, don akwai waɗanda ake haifa da ƙarancin wani sinadari na cikin jini mai suna G6PD, lalle yana iya farfasa musu jini.

Baƙin lalle shi ne nake roƙonki ki yi hattara da shi. Ganyen lalle ba ya ba da baƙi. Abin da ke sa zane ya yi baƙi wuluk cikin mintoci yawanci rinin gashi ne mai sinadarin PPD. Na ga hannun wata amarya 'yar unguwarmu kwana biyar bayan ƙunshi: kowace fulawa da aka zana ta kumbura ta ɗuri ruwa, zanen ya fito ɓaro-ɓaro da ƙuraje, tana ta fifita hannun da mafici tana hawaye. Wanda jikinsa ya taɓa ƙin wannan sinadari, ƙin yakan zauna masa har abada, ko rinin gashi ya sa daga baya sai ya tashi. Ki tambayi mai ƙunshi abin da ta haɗa, in ta ce akwai rini a ciki, ki ce a yi miki ja.

In kin shiga kasuwa sayen man gashi ko na jiki, juya kwalbar ki nemi lambar NAFDAC da ranar lalacewa. Haɗin da aka ɗura a roba ba suna ba lamba, ana cewa yana sa haske cikin mako guda, ki ajiye shi inda kika gan shi. Man kaɗanya kuwa ki shinshina kafin ki biya: mai kyau yana da ɗan ƙanshin hayaƙi kuma yana narkewa da ɗumin yatsa, wanda ya tsufa yana warin tsami. Ki zuba shi a mazubi mai murfi ki ajiye a inuwa, don zafin Maris da Afrilu, da ke haura digiri 40, zai narkar da shi ya ɓata.