Yadda muke raba faturar wuta a gidanmu na Makka

Iyali huɗu ne mu a gida ɗaya a Shara Mansur, kuma mita ɗaya muke sha. Duk shekara idan faturar Yuli, wato takardar kuɗin wutar watan, ta iso, gaisuwar safe ma sai ta yi nauyi tsakaninmu. Ni aka ɗora wa lissafin, shi ya sa nake son 'yar'uwata mai zaman haya ta ji wannan.

Ki fara sanin yadda ake kirga kuɗin. Tun Janairun 2018, kilowat 6,000 na farko a wata halala 18 ne kowanne (halala 100 ce riyal ɗaya), abin da ya haura kuwa halala 30. Sai a ɗora harajin kashi 15 cikin ɗari da kuɗin mita. Farashin bai canzawa don zafi ya shigo, mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, ne ke ingiza mu mataki na biyu. A ce kowane iyali ya sha 2,000, mun kai 8,000 ke nan, riyal 1,680 kafin haraji. Da kowa da mitarsa, jimlar 1,440 ce. Wannan 240 ɗin ladan haɗa mita ne kawai, kuma yana ci mini rai, don kuɗin cefane ne.

Saboda haka kafin ki kama haya, ki tambayi mai gida ko ɗakin yana da mitarsa. In babu, ku zauna tun sanyi bai wuce ba ku yi yarjejeniya. Mu da yawan mukayyif muke rabawa. Da muna kirga kawuna, sai Inna mai jikoki shida da mukayyif ɗaya ta fi kowa biya, wannan kuwa zalunci ne.

Tsakiyar wata ki buɗe manhajar kamfanin wuta, Alkahraba, ki ga inda aka kai. In an doshi 6,000, ki sanar da kowa ranar. Mukayyif a bar shi a digiri 24, a riƙa wanke ragarsa, ƙurar Makka ba ta jira. Da rana yara su taru a ɗaki guda.

Tallafin kuɗi na gwamnati da ake kira Hisabul Muwaɗin na 'yan ƙasa ne, mu baƙi masu iƙama, wato takardar izinin zama, ba mu ciki. Abin da ya rage mana nauyi shi ne tsarin fatura sabita: kamfani ya duba abin da aka sha a shekara, ya raba daidai kowane wata, daga baya a daidaita bambancin. Ko da shi, ina ware riyal 50 duk wata a gwangwanin madara saboda ranar daidaitawar.